Neman shawara: wane hedifon ne zai dace da mai tabarau mai ƙaramin kasafi?

Mai tambaya:

Assalamu alaikum, 'yan'uwa. Ina neman shawararku a kan sayen hedifon, domin sau biyu ke nan ina saye ina nadama, kuma ba na son a yi na uku. Aikina na zama ne a gaban kwamfuta, awa shida zuwa bakwai a rana, a ɗaki ɗaya da mutum huɗu, ga fanka tana juyawa, ga hira ba ta yankewa. Ina sanye da tabarau daga safe har dare. Wanda na fara saya irin mai zama a kan fatar kunne ne, kuma kafin awa ɗaya ta cika sai in ji sandar tabarau ta nutse a bayan kunnena kamar an kama ni da awartaki. Na biyun ƙarami ne marar igiya, mai shiga cikin kunne. Ya yi mini daɗi da farko, amma bayan shekara ɗaya da rabi ɓangaren hagu ya daina riƙe caji, mai gyara kuma ya ce ba a buɗe shi ba tare da an lalata shi ba.

Abin da na fi saurare shi ne waƙoƙin da muryar mawaƙi take gaba, da kiɗan kayan tsirkiya, sai karatu da lacca. Ba na cikin masu son bes, wato kaurin sautin nan da ke girgiza ƙwaƙwalwa. Kuɗin da na ware ba su wuce kashi ɗaya cikin uku na farashin manyan da ake ta tallatawa ba. Shin in sayi mai igiya ne ko mai Bluetooth? Shin mai kashe hayaniya ya cancanci ƙarin kuɗinsa? Kuma me ya kamata in karanta a jikin kwali? Allah ya saka da alheri.

Amsa daga wani mai haɗa sauti:

Wa alaikumus salam, Malam. Na daɗe ina aikin ɗaukar murya da tace ta, kuma abin da zan fara gaya maka shi ne hedifon da ba ka iya zama da shi awa uku ba shi da amfani a wurinka, ko da sautinsa ya fi na kowa. Saboda haka ka cire mai zama a kan kunne daga lissafi gaba ɗaya, domin aikinsa ke nan ya danna kunne a kan sandar tabarau. Abin da kake buƙata shi ne babba wanda sosonsa yake zagaye kunne ya zauna a kan ƙashin kai, kunnen kuma yana ciki babu abin da ya taɓa shi.

A cikin manyan akwai iri biyu. Akwai mai buɗaɗɗen baya, wanda za ka ga raga a bayansa, iska da sauti suna wucewa. Kamfanin Sennheiser ne ya fara fitar da irinsa a 1968, kuma HD 600 ɗinsu, wanda ya fito a 1997, har yau masu son murya suna yabonsa. Sautin irin wannan yana da faɗi, kamar mawaƙin yana tsaye a ɗakin ne ba a cikin kanka ba, kuma kunne ba ya zafi. Sai dai a ofishin mutum biyar ba zai yi maka ba, domin abokan aikinka za su ji abin da kake ji, kai ma za ka ji duk hirarsu. Naka shi ne mai rufaffen baya.

Game da kwali, akwai lambar da ake rubutawa da manyan baƙaƙe, wato 20 zuwa 20,000. Wannan iyakar girgizar sautin da kunnen ɗan Adam yake iya ji ne a cikin daƙiƙa ɗaya, kuma kusan kowane hedifon, mai tsada da mai arha, yana ɗauke da ita, don haka ba ta bambanta maka komai. Lambar da take da amfani ita ce ta om, wadda take nuna irin ƙarfin da na'urarka take buƙata kafin ta tura shi. Daga om 16 zuwa wajen 60 waya da kwamfuta suna iya ɗauka ba wahala. Idan ka ga 250 ko 300, kamar HD 600 ɗin da na ambata, yawanci sai ka ƙara sayen amfilifaya, na'urar ƙara ƙarfin sauti, wato ƙarin kuɗin da ba ka ware ba. Na sha ganin wanda ya sayi Beyerdynamic DT 770 Pro mai om 250 ya jona a waya, ya ji sautin can ƙasa, ya ce an sayar masa da jabu, alhali wannan samfurin yana zuwa da 32 da 80 da 250, shi ne bai duba ba.

Da ni ne a matsayinka, mai igiya zan saya, domin duk kuɗin za su tafi ne a kan sauti da ingancin jiki, ba a raba su da batir da makirfo da sauran tarkace ba. Ka duba AKG K371 da Audio-Technica ATH-M40x, dukansu igiyarsu tana cirewa, wanda yake da muhimmanci, domin igiya ce take fara mutuwa. Sony MDR-7506 kuwa tun 1991 ake yin sa, kuma yana fito da murya tangaram, shi ya sa gidajen rediyo suke sonsa, amma igiyarsa a manne take, kuma sautinsa yana da kaifin da kan gajiyar da wasu.

Amsa daga wata mai tabarau:

Ɗan'uwa, ni ma tabarau nake sawa, kuma akwai abin da mai haɗa sauti bai taɓo ba. Sandar tabarau ba ciwo kaɗai take jawowa ba, tana kuma ɗaga soson kaɗan ta bar 'yar ƙofa, ta nan ne kaurin sautin yake zurarewa, hayaniyar waje kuma ta shigo. Za ka iya gwada wannan da kanka: ka sa hedifon mai rufaffen baya, ka kunna waƙa mai ganga, sannan ka zare tabarau a hankali, za ka ji sautin ya cika nan take. Maganinsa soso mai kauri da laushi, wanda yake lanƙwasa ya haɗiye sandar, da kuma tabarau mai siririyar sanda idan kana da zaɓi.

Sai maganar abin da aka lulluɓe soson da shi. Mai kama da fata ya fi toshe hayaniya, amma yana tara zufa, kuma bayan wani lokaci yakan fara ɓarewa, ka riƙa ganin baƙaƙen ɓarɓashi a wuyan rigarka. Mai yadi irin na karan-miski ya fi sanyi, sai dai yana barin hayaniya ta ɗan shigo. Kafin ka biya, ka tabbatar ana sayar da soson samfurin daban, domin hedifon mai kyau yakan ci soso biyu ko uku kafin shi kansa ya tsufa.

Idan akwai damar gwadawa, kada ka sa na minti ɗaya ka cire. Ka zauna da shi kamar minti ashirin da tabaranka a fuska, ka lura da wurare uku: tsakiyar kai inda bakan hedifon, wato abin da ya haɗa ɓangarorinsa biyu, yake zama, bayan kunne, da muƙamuƙi. Ciwon da zai dame ka a awa ta huɗu yakan fara nuna kansa tun a nan. Idan kuwa ta intanet za ka saya, ka fara karanta sharaɗin mayar da kaya.

Amsa daga wani mai yawan tafiya:

Ina neman afuwar Malam mai haɗa sauti, amma ban yarda a kore marar igiya haka kawai ba. Shi a ɗakin da babu motsi yake aiki, mai tambaya kuwa yana tashi yana zama, ana kiransa a waya, igiya tana maƙalewa a hannun kujera. Kuma ba mu ma san ko wayarsa tana da ramin jona hedifon ba, tun da Apple ta cire shi a iPhone 7 a 2016, kamfanoni da yawa kuma suka bi sahu.

Kashe hayaniya yana aiki ne kamar haka: akwai ƙananan makirfo a jikin hedifon da suke ɗaukar ƙarar waje, sai na'urar ta ƙirƙiri kishiyar wannan ƙara ta saka a kunnenka, su biyun su kashe juna. Wannan dabara ta fi cin nasara a kan ƙara mai kauri wadda ba ta canzawa, kamar rugugin injin jirgi ko mota ko fanka. Maganar mutane kuwa tana hawa tana sauka, kuma ta fi siriri, don haka ba ta ɓacewa, sai dai ta ragu. To, fankarka za ta tafi, amma hirar abokan aikinka soso mai kyau ne zai fi rage ta. A nan dole in ba Malam mai haɗa sauti gaskiya. Haka kuma wasu suna jin kamar an toshe musu kunne da iska idan sun kunna shi, har su ji jiri, don haka shi ma sai an gwada.

Kada kuma ka biya ƙarin kuɗi saboda sunayen da ake jerawa a kwali na hanyoyin tura sauti ta Bluetooth, sai ka san wayarka tana da su. SBC kowa yana da shi. AAC shi iPhone take amfani da shi. aptX na Qualcomm da LDAC na Sony kuwa iPhone ba ta ɗaukar su sam, sai wayoyin Android, su ma ba duka ba a wajen aptX. Shawarata ita ce babba mai Bluetooth wanda yake da ramin igiya, domin ranar da batirinsa ya gaji kamar yadda naka na biyu ya yi, ba sai an jefar da shi ba. Ka dai tambaya ko yana aiki da igiya alhali a kashe yake, domin ba duka ne suke yi ba.

Amsa daga wata ma'aikaciyar lafiya:

Malam, awa bakwai a rana ba wasa ba ne, shi ya sa na ga ya dace in sa baki. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da iyakar desibel 80, wato ma'aunin ƙarfin sauti, na tsawon awa 40 a mako ga babba, kuma duk ƙarin desibel 3 yana raba wannan lokaci biyu. Mutane ba sa ƙara murya don jin daɗi kawai, yawanci suna ƙarawa ne don su danne hayaniyar da ke kewaye da su, saboda haka hedifon da yake toshewa da kyau kariya ce ga kunnenka. Idan ka cire ka ji kunnenka yana ƙara kamar kukan sauro, ko maganar mutane ta yi maka dushi-dushi, ka wuce iyaka a ranar. Ƙwayoyin jin da suke cikin kunne idan suka mutu ba sa dawowa.

Mai tambaya:

Na gode ƙwarai, 'yan'uwa, Allah ya ƙara basira. Hajiya mai tabarau, na gwada abin da kika faɗa da hedifon abokin aikina, kuma wallahi ina zare tabarau na ji kamar an canza waƙar. Wayata Android ce kuma ba ta da ramin, amma gaskiya kashi tara cikin goma na saurarena a kwamfuta ne, ita kuwa tana da shi. Na fi karkata ga mai igiya, tun da hirar mutane ce ta fi damuna ba fanka ba. Saura abu biyu: yaya zan yi da wayar, kuma idan na saya na ji sautin bai kwanta mini ba fa?

Mai haɗa sauti:

Na wayar mai sauƙi ne, Malam. Akwai 'yar gajeriyar igiya da ake jonawa a ramin caji na USB-C, ɗaya bakin kuma yana karɓar hedifon. Ka nemi wadda take da na'urar juya sauti a cikinta, domin wasu wayoyin ba sa aiki da wadda babu, kuma kuɗinta ba za su taɓa kasafinka ba.

Na biyun kuwa, ka ba kunnenka mako guda kafin ka yanke hukunci, domin ya saba da na baya, kuma duk sabon sauti yakan zo masa baƙo. Ka zaɓi waƙoƙi uku da ka haddace, ka saurari harafin "s" da "sh" a bakin mawaƙin: idan suna sukar kunne, kaifin ya yi yawa. Ka saurari ko ganga tana binne murya: idan haka ne, bes ɗin ya yi yawa. Duka biyun ana gyara su da manhajar daidaita sauti, a waya ko a kwamfuta, ta hanyar rage wurin da ya yi yawa kaɗan-kaɗan, ba ƙara sauran ba. Matsewa a kai ma takan sassauta idan ka ɗora hedifon a kan littattafan da faɗinsu ya ɗan fi kanka ya kwana, amma ka yi a hankali idan bakansa na roba ne. Wanda ba ya gyaruwa shi ne soson da ya yi wa kunnenka kaɗan, don haka idan ka ji gefen kunnenka yana taɓa ciki tun ranar farko, ka mayar da shi kafin wa'adin ya wuce.