Neman shawara: Yaya ake wanke safar nan mai auna bugun zuciyar jariri?

Sabuwar uwa:
Assalamu alaikum iyayena da yayyena na wannan zaure. Don Allah ku taimaka min da shawara a kan na'urar nan mai kama da safa, wadda ake ɗaura wa jariri a ƙafa tana nuna bugun zuciyarsa da yawan iskar oksijin da ke jininsa a waya. 'Yata wata uku gare ta, kuma kusan kullum da ita take kwana. Yanzu safar ta soma tsami, tumbuɗi ma ya taɓa zubar mata. Kwanan nan kuma sai ta riƙa ƙara cikin dare wai ba ta iya aunawa, in tashi a firgice in tarar da yarinya tana sharar barcinta. Jiya na ga ɗan ja a gefen ƙafar, daidai inda take zama. Zan iya haɗa ta da kayanta a injin wanki? Ko in jiƙa ta a ruwan zafi da maganin kashe ƙwayoyin cuta? Ina tsoron lalata ta, ina kuma tsoron datti ya ci wa yarinya fata.

Maman 'yan biyu:
Wa alaikumus salam ƙanwata, Allah ya raya mana. Injin wanki kam a'a, ruwan zafi ma a'a. Abin nan kashi biyu ne: ƙyallen safar, da ɗan abin nan mai batir da ke fitar da jan haske, wato sensa. A yawancinsu sensar tana cirowa, to ki fara zare ta ki ajiye gefe. Ƙyallen ki wanke shi da hannu a ruwa mai ɗumi-ɗumi da sabulu marar ƙamshi, irin wanda kike wanke wa jaririyar kaya da shi. Ki manne maɗaurin kafin ki sa a ruwa, don kar ya kwashi zare ya daina kamawa. Ɗauraya ta fi wankin muhimmanci, ki yi ta sosai, domin ragowar sabulu ma yana sa fatar jariri ja. Kar ki murɗe shi. Ki danna shi cikin tawul, ki shimfiɗa a inuwa inda iska ke kaɗawa. Sai ya bushe ƙayau za ki mayar da sensar. Tsamin da kike ji, sau da yawa danshi ne da ya kwana a ƙyalle.

Yayarku a zaure:
Ni dai sifirit nake ɗigawa a auduga in goge komai, ƙyalle da sensa. Nan take yake bushewa.

Baban yara, mai gyaran na'urori:
Yaya, a yi haƙuri, nan kam zan ɗan ja da ke. Akwai kamfanonin da suka yarda a goge sensarsu da sifirit, akwai waɗanda suka hana, domin yana iya sa robar da ta rufe hasken ta dushe ko ta tsage, ya kuma sassauta gam ɗin da ke hana ruwa shiga. Littafin da ya zo cikin kwalin shi ne alƙali. In bai ambaci sifirit ba, a tsaya ga tsumma mai laushi da aka ɗan jiƙa aka matse. Bilic kuwa ko kusa.

Maman jaririya, ki duba littafin ko bayan na'urar, wataƙila ki ga haruffan IP da lamba, alamar da ke nuna yadda take jure ruwa. IPX4 na nufin tana jure fantsamar ruwa kawai. IPX7 na nufin an gwada ta a zurfin mita 1 na minti 30, amma a ruwa zalla, ba mai zafi ko mai kumfa ba. In ba ki ga komai ba, ki ɗauka ba ta son ruwa. Sai wurin caji: ƙananan ƙarafan nan masu ruwan zinariya suna tara gumi da ƙura, cajin ya riƙa yankewa. Ki goge su da busasshen tsinken auduga, kuma kada ki taɓa ɗora ta a caji da lema. Kada a busar da ita da abin busar da gashi ko a bar ta a rana, batirin litiyom ba ya shiri da zafi. Ranar da kika ga ta kumbura ko tana ɗaukar zafi, ta gama hawa ƙafar yarinya.

Anti, ma'aikaciyar jinya:
'Yata, bari in yi miki bayanin ƙarar nan ta dare, don na san yadda take tsinka zuciya. Sensar tana haska fata da haske iri biyu, ja da wani wanda ido ba ya gani. Jini mai ɗauke da oksijin da wanda ya rasa shi ba sa shanye hasken nan daidai da juna, daga bambancin ne na'urar ke lissafi. Duk abin da ya shiga tsakanin hasken da fata zai rikita ta: man shafawa, hoda, busasshen tumbuɗi, zaren ƙyalle. Haka ma ƙafa mai sanyi, yawan shure-shure, ko safar da ta yi sako-sako. Don haka ki bar ƙafar da za ki ɗaura wa ba mai, ki tsane ta sosai bayan wanka, har tsakanin yatsu.

Jan da kika gani shi ya fi damuna. Ki huta wa ƙafar nan har ya ɓace. Daga nan ki riƙa sauyawa, yau dama gobe hagu, kuma in ta farka ki cire. Ki duba ko safar ta yi mata kaɗan, don a watannin nan ƙafa tana girma da sauri, shi ya sa ake haɗo su girma-girma. In jan bai lafa ba, ko ya yi bororo, ko fatar ta sale, ki daina sawa ki kai ta a duba.

Akwai kuma abin da ba na so ki manta. A 2021 hukumar abinci da magunguna ta Amurka ta yi gargaɗin cewa masu auna oksijin da haske na iya kuskure, kuma launin fata yana cikin abubuwan da ke jawo hakan. A fata mai duhu, lambar kan iya nuna sama da abin da ke jini. Ƙungiyar likitocin yara ta Amurka kuma, a shawarwarinta na 2022, ta ce kada a dogara da irin waɗannan na'urori don rage haɗarin mutuwar jarirai ta farat ɗaya cikin barci. Abin da aka tabbatar yana taimakawa shi ne kwantar da jariri rigingine, a shimfiɗa mai ƙarfi kuma shafaffiya, ba matashi, ba tarin bargo. In kika ga leɓenta ya sauya launi, ko haƙarƙarinta na lotsawa in tana numfashi, ko ta ƙi kama nono ta yi laƙwas, ki nufi asibiti ko da waya tana cewa komai lafiya.

Sabuwar uwa:
Allah ya saka da alheri, Anti, Baba da yayyena. Na duba da haske, lallai akwai maiƙo a kan idon sensar. Saura tambaya ɗaya: sau nawa ya kamata in riƙa wankin? Kuma in dare ya yi ƙyallen bai bushe ba fa?

Maman 'yan biyu:
Ki bi abin da littafinki ya ce. Ni dai idon sensar kullum da safe nake goge shi kafin in sa caji, ƙyallen kuwa duk mako, sai in tumbuɗi ko fitsari ya taɓa shi, wannan a take ne. Ki nemi ƙyalle na biyu daidai girman ƙafarta, ki riƙa wanki da safe, ɗaya na shanya ɗaya na aiki. In babu na biyu kuma bai bushe ba, ta kwana hakanan a rigingine. Jiƙaƙƙen ƙyalle a kan fatar da ta riga ta yi ja sai dai ya ƙara mata ciwo.