Wa ya taɓa zuwa tsohon gidan Rumawa na Casale?

Maman Hanan: Salam jama'a, za mu je tsibirin Sisili na ƙasar Italiya da yara, muna son ganin Villa Romana del Casale kusa da garin Piazza Armerina, wuni ɗaya ya isa kuwa?

Baban Sadik: Ya isa Hajiya. Gidan tun ƙarni na 4 ne, daɓensa duk zane ne na ƙananan duwatsu masu kala, akwai wani dogon baranda da aka nuna ana loda giwa da jimina a jirgin ruwa, wallahi nan na fi daɗewa, ta sama ake bi ana leƙowa ƙasa.

Zee: Ku sammako dai, zafin rani ba wasa. In kun fito ku leƙa kufan Morgantina kusa da Aidone.

Maman Hanan: Na gode. Garin Caltagirone fa?

Zee: Matakala 142 masu tayil, akwai kyau amma yaran za su gaji.