Biren bokis: wane suna za mu ba shi da Hausa?

Assalamu alaikum 'yan uwa direbobi, makanikai da malaman Hausa. Tun shekaranjiya muke ta kai-komo kan akwatin nan da Turawa ke rubuta wa ECM ko ECU, wanda a gareji muke ce wa biren bokis. Bari in tattara abin da aka kawo, in faɗi inda na tsaya.

Ga wanda bai taɓa riƙe shi ba: akwati ne na alminiyam, faɗinsa kamar na faranti, galibi manne a jikin inji, da manyan soket cike da siraran wayoyi. Shi ke karɓar labarin juyawar inji, zafin ruwa, ƙarfin iskar tobo, da yadda direba ya taka totur, sannan ya yanke yawan gas ɗin da kowace nozul za ta fesa da lokacin da za ta fesa. Tsohuwar Marsandi 911 ba ta san shi ba, famfonta da gwamna, wato na'urar da ke daidaita gudun inji, ke wannan aiki. Amma DAF XF da MAN TGA da suka cika hanyoyinmu, in babu shi ko tari ba za su yi ba.

Dalilin da na damu da sunan ke nan. Bara DAF ɗin yayana ta ɗauko masara za ta Legas, ta mutu kusa da Tafa. Kik na juyawa, inji ya ƙi kamawa. Mai wayarin na farko ko mita bai ciro ba ya ce, "Alhaji, biren bokis ya ƙone." Da yake sunan baƙo ne, kuma abin a rufe yake, babu wanda ya iya yi masa musu. Aka aiko da na hannu daga kasuwar Ƙofar Ruwa ta Kano, aka nemo mai saita shi, kuɗi suka tafi kamar ana zuba ruwa a kwando. Mota ta ce ba ta san zancen ba. A rana ta uku wani dattijon makanike ya kwanta ƙarƙashin akwatin batir, ya kwance wayar da ke ɗaure da shasi, ya nuna mana bakinta: ya yi kore shar, yana marmashewa a hannu. Ya goge da samfefa, ya ɗaure, ya mayar da tsohon akwatin. Bugu ɗaya ta tashi. Har yau ina ganin fuskar Yaya a lokacin, yana kallon akwatin da ya saya a banza.

To ga sunayen da aka kawo.

Mutane da yawa sun ce "kwamfutar inji". Ma'anar daidai ce, amma an riga mu. A gareji in aka ce "a sa mata kwamfuta", na'urar da ake jonawa a karanto matsala ake nufi. In akwatin ma ya zama kwamfuta, yaya za mu ce an sa kwamfuta ta kasa magana da kwamfuta? Rikici zai shiga tun a wayar tarho, kafin a zo ciniki.

Wani ɗan uwa daga Damagaram ya ce su can kalkilata suke ji a bakin makanikai, daga Faransanci. Na gode, Malam, amma a nan Kano in ka faɗi haka abin lissafin ɗan kanti za a miƙo maka. "Gwamna" kuma yana da mai shi a jikin tsohon famfo.

Wanda ya fi taɓa zuciyata shi ne "madugu", da wani malaminmu ya kawo. Allah ya ƙara basira, Malam. Madugu ne ke tsara tafiyar ayari, ya ce a tashi, ya ce a yada zango, kuma haka akwatin yake wa silinda shida. Sai dai ka shiga Panteka ka ce kana neman madugun DAF, ka ga ko za a gane ka. Kalmar da sai an yi mata tafsiri kafin a sayar maka da kaya ba za ta rayu a bakin masu sana'a ba.

Saura "ƙwaƙwalwa", wadda dama wasu direbobi ke faɗa. Ita nake goyon baya, da gyara ɗaya: "ƙwaƙwalwar inji", ba "ƙwaƙwalwar mota" ba. Tirelar zamani ba akwati ɗaya gare ta ba. Birki na da nasa, giya mai canza kanta na da nata, har dashbod. Sai mu ce ƙwaƙwalwar birki, ƙwaƙwalwar giya, kowa da gidansa.

Abin da ya ƙara ja na gare ta shi ne tana tafe da 'yan rakiya. In akwatin ƙwaƙwalwa ne, wayoyi jijiyoyi ne, kuma ko yaron mota ya san jijiya kan tsinke alhali kai lafiya lau. Sai tambaya ta zo da kanta: Oga, ka duba jijiyoyin? Batir na ba da volt 24 ɗinsa? Fis da rile fa? Volt 5 da ƙwaƙwalwar ke aika wa sensa, wato 'yar na'urar da ke auno zafi ko juyawar inji ta kawo mata labari, yana isa? In an cire batir aka auna wayoyi biyun da akwatunan ke zance da juna ta cikinsu, ana samun om 60? Sai duk waɗannan sun fita lafiya za a zarge ta. Kuma tana ƙonewa da gaske: walda a jikin mota ba a cire batir ba, juya kan batir, ko wanke inji da ruwa mai ƙarfi har ya shiga soket.

In ta tabbata ta mutu, sabuwa ba ɗaurawa kawai ake ba. Sai an zuba mata bayanan wannan motar, a wasu a haɗa ta da makulli, a wasu har lambobin nozul sai an shigar. Wannan aikin ni "ɗora mata karatu" nake ce masa, kuma na ga makanikai biyu a nan sun karɓa.

Wadda ta rage mini ita ce sensa. An kawo "ma'auni", an kawo "ɗan rahoto". Masu wayarin, ku ke taɓa ta kullum, wanne ya fi zama a bakinku?