Dutsen Vinson: wane tsawo ne daidai, kuma wa ya raɗa masa suna?

Malama Hadiza (malamar labarin ƙasa):
Assalamu alaikum 'yan uwa. Ina shirya darasi ne kan duwatsun da suka fi tsawo a kowace nahiya, sai na tsaya cak a Antatika. Tsohon littafin taswirar da ke makarantarmu ya ce Dutsen Vinson mita 5,140 ne, a intanet kuma ina ganin 4,892. Wanne zan koya wa yara? Sannan a wurin da babu ɗan ƙasa ko ɗaya, wa ke da ikon sa wa dutse suna? Wannan ne ya fi tsaya min a rai.

Baban Ummi:
Wa'alaikumussalam Malama. Ki riƙe 4,892. Adadin littafinki tsohon ƙiyasi ne. A 2004 aka sake auna dutsen da GPS, wannan ne sakamakon. Yana cikin jerin duwatsun Ellsworth, kusan kilomita 1,200 daga tsakiyar ƙuryar kudu ta duniya. Ki faɗa wa ɗaliban cewa ya ninka Chappal Waddi na Taraba, za su fi ganewa.

Injiniya Sabo:
Malama, batun suna kuwa na Amurkawa ne. Jirgin saman sojan ruwansu ne ya fara hango shi a 1958, kwamitinsu mai kula da sunayen Antatika kuma ya ba shi sunan Carl Vinson, ɗan majalisar wakilai daga jihar Jojiya, saboda goyon bayan da ya ba ayyukan bincike a can. Mutumin ya shekara 50 a majalisa. Jerin duwatsun ma sunan Lincoln Ellsworth ne, wanda ya ratsa yankin a jirgin sama a 1935. Na biyu a tsawo, Tyree, sunan wani babban hafsan sojan ruwa ne.

Gaskiya abin bai kwanta min ba. Nicholas Clinch da tawagarsa su suka fara taka ƙololuwar a Disamban 1966, cikin sanyin da ke daskarar da yatsu, amma sunan wanda ya nemo kuɗi ne a kan dutsen. Kuma ƙasar Chile na iƙirarin yankin nata ne, sai dai yarjejeniyar Antatika ta 1959 ta jingine duk irin wannan iƙirari. Kowace ƙasa na iya raɗa nata sunan, shi ya sa wani wurin za ki tarar yana da suna biyu ko uku.

Malama Hadiza:
Allah ya saka da alheri, na samu abin koyarwa. Baban Ummi, ta ina masu hawa ke bi su isa?

Baban Ummi:
Daga Punta Arenas a kudancin Chile, jirgi ke sauke su a sansanin Union Glacier, ƙaramin jirgi ya ƙarasa da su gindin dutsen. Daga Nuwamba zuwa Janairu ake zuwa, lokacin da rana ba ta faɗuwa sam.