Mai riƙon jirgin attajirai a teku: matuƙi, kyaftin ko madugu?

Salamu alaikum 'yan'uwa masu fassara da masu kishin harshe. Ga wata magana da nake so mu tsayar. Akwai jiragen ruwan nan da attajirai ke saya don hutu, waɗanda Turawa ke furta sunansu da "yot". Ma'aikaci yakan fara a cikinsu da wanke dandamali da ɗaure igiya da kwanan zaune yana duban teku. In ya tara shekaru ya ci jarrabawa, sai a ba shi takarda ya zama shugaban jirgin. Me za mu kira jirgin, me za mu kira mutumin, me za mu kira takardar? Na riga na ji ra'ayoyin wasunku a kai, ga nawa.

Jirgin bai da wahala. Kalmar "yot" daga harshen mutanen Holan Turawan Ingila suka aro ta, kuma can asalinta farauta take nufi, don ƙananan jirage ne masu gudu da ake bin 'yan fashin teku da su. A 1660 mutanen Amsterdam suka ba Sarki Charles na Biyu na Ingila kyautar irinsa mai suna Mary, daga nan ya zama abin hutun manya. Wani ya ce to mu ce "jirgin farauta". Duk wanda ya ji haka masunta zai hango, don haka na ajiye shi. Kwalekwale kuwa raini ne ga jirgin da ke da ɗakunan kwana da ma'aikata masu albashi. Ni na tsaya kan "jirgin shaƙatawa" ga dukkansu, in tsawonsa ya kai mita 24, inda dokokinsa ke ƙara tsauri, sai mu ce "jirgin alfarma".

Mutumin ne ya tsaya mini a wuya.

Yawancinku "matuƙi" kuka ce, kuma na san dalili, shi ne ya fi kusa da baki. Amma Malam, duba abin da ake jarraba mutumin a kai kafin a ba shi jirgin. Tun ranar farko sai ya yi horon kamar kwana biyar na yarjejeniyar STCW ta horar da ma'aikatan jiragen ruwa, wadda hukumar kula da sufurin teku ta duniya, IMO, ta ƙulla a 1978, aka yi mata babban gyara a 1995 da kuma 2010 a Manila. Kashe gobara ake koya masa, da agajin farko, da yadda zai rayu in jirgi ya nutse. Likita kuma zai gwada idonsa ko yana bambance ja da kore, domin da dare fitilar hagun jirgi ja ce, ta damansa koriya, wanda ya ruɗa su bai san inda jirgin gabansa ya dosa ba.

Daga nan da yawa sukan nemi takardar Yachtmaster, wato ta shugabancin jirgin shaƙatawa, ta RYA, ƙungiyar masu harkar irin waɗannan jirage ta Ingila. Ba a ko zama jarrabawarta ta nesa da gaɓa sai mutum ya nuna kwana 50 a teku da mil 2,500, da tafiye-tafiye biyar da kowace ta haura mil 60, biyu daga ciki shi ne shugaba, biyu kuma an kwana ana tafiya. Jarrabawar a kan ruwa ake yin ta, awa takwas zuwa goma sha biyu. Mai jarrabawa yakan jefa wani abu a teku ba zato ya ce mutum ya faɗa, a ɗauko shi. Yakan kuma tura ɗan takara cikin jirgi ya zaunar da shi gaban taswira, ya ce hazo ya rufe ko'ina, kai mu tashar can. Ga agogo, ga kamfas, ga zurfin ruwa ana faɗa masa daga sama, shi kuma yana lissafi yana ba da umarni. A wannan lokacin wani ne ke riƙe da sitiyari. To waye matuƙi a nan? Ai ba wanda ake jarrabawa ba ne.

Abin ya fi fitowa fili a manyan jirage. A tsarin MCA, hukumar kula da harkokin teku ta Birtaniya, wanda jiragen alfarma da yawa ke bi, sai mutum ya daɗe yana aiki a jirgi kafin ya nemi matsayin jami'in da ake bar wa jirgi na 'yan sa'o'i shugaba na barci, wanda nake ganin "jami'in sa-ido" ya dace da shi. Sannan ya hau zuwa mataimaki, sannan shugaba, kowane mataki da darussansa da jarrabawarsa ta baka. A wannan ta bakan ne gogaggu ke zufa. Mai jarrabawa zai ce ga fitilu biyu jajaye, ɗaya bisa ɗaya, a gabanka cikin dare, me ka gani, me za ka yi? Dole ya amsa nan take cewa jirgi ne da ya kasa sarrafa kansa, shi ne zai kauce masa. Ana tambayarsa doka, da yadda nauyi ke daidaita a jirgi don kada ya kife, da karatun yanayi, da haƙƙin ma'aikata. A tsakiyar teku ma galibi na'ura ce ke riƙe hanya, shi sai shiga tasha da fita yake sa hannu.

Wata Hajiya daga cikinku ta ce to ai muna da "kyaftin", me ya kai mu wahala? Gaskiya ne, kuma ba zan kore shi ba, don kuwa haka ma'aikatan ke kiransa baki da baki. Sai dai kunnen Bahaushe in ya ji kyaftin, soja yake fara gani ko mai ɗaure da ƙyalle a hannu a filin ƙwallo. Kuma ko a takardar tasu ba kyaftin aka rubuta ba, "masta" ne sunan matsayin a doka. Mu kuwa masta ɗinmu yana makaranta da alli a hannu.

Ni "madugu" nake kawowa. Madugu uban tafiya, shi ke zaɓen hanya, shi ke sa ranar tashi, shi ke cewa a yada zango, shi ke magana da hukumar duk ƙasar da aka shiga, shi ke raba gardama tsakanin matafiya, kuma dukiyar da ake ɗauke da ita ba tasa ba ce. Wannan na ƙarshen ne ya ja ni. Shugaban jirgin alfarma ma'aikaci ne, mai jirgi na iya sallamarsa gobe. Amma yarjejeniyar SOLAS ta kare rayuka a teku ta hana mai jirgi ko wanda ya ɗauke shi haya su tare shi daga hukuncin da ya ga dole ne don tsira da rai. Attajiri na iya cewa yau a Monako yake son kwana, shi kuma ya dubi iska ya ce ranka ya daɗe, yau ba inda za mu. Matuƙi ba ya ɗauke da wannan nauyin a Hausa, madugu yana ɗauke da shi.

An tuna mini cewa a labarai yanzu madugun 'yan adawa da madugun 'yan tawaye aka fi ji. Hakan ma ya ƙara mini ƙarfi, kalmar tana raye ke nan, ta daɗe da barin ayari. A rubutu sai mu ce madugun jirgi, jam'i madugan jirage, in ana gaishe shi a ce Kyaftin. Mata ma suna riƙe wannan matsayi, "madugar jirgi" kuwa ba ta yi wa kunnena nauyi ba.

Takardar iri biyu ce, kada mu cakuɗa. Wadda makaranta ke bayarwa don an zauna darasi "takardar halarta" ce. Wadda hukuma ke bayarwa bayan an ƙirga kwanakin teku, madugan da ya yi aiki a ƙarƙashinsu sun sa hannu, ya kuma tsallake ta baka, ita ce "takardar cancanta", ana sabunta ta duk shekara biyar. Lasisi ma ba laifi a hira, amma bai nuna matakai ba.

Saura ɗaya da masu fassara ke yawan zamewa a kai. Kowace takardar cancanta ta waɗannan jirage tana da iyakar girman jirgi: 200, 500, ko 3,000, a rubuta "tan" a gefe. Wannan tan ɗin ba nauyi ba ne, awon sararin cikin jirgi ne da aka rufe, bisa yarjejeniyar awo ta 1969. Wanda ya rubuta "jirgi mai nauyin tan 500" ya sauya magana. Ni "tan na awon ciki" nake rubutawa, kamar a ce ta samu takardar cancantar madugun jirgin alfarma da bai kai tan 3,000 na awon ciki ba. Ya ɗan yi tsawo, na sani. Wanda ke da gajeren da bai ɓata ma'ana ba, ya kawo shi nan ƙasa mu gwada shi a jimla.