Neman kalma: me za mu kira “credit management” da Hausa?

Assalamu alaikum jama'a, musamman malaman jami'a, ma'aikatan banki da masu fassarar labarai. Akwai wani darasi da ɗaliban sashen banki da harkokin kuɗi ke ɗauka a digirin farko, wanda Bature ya kira “credit management”. Ina so mu tsayar masa da sunan Hausa, irin wanda za a rubuta a jadawalin karatu, a kuma faɗa a rediyo ba sai an bi shi da dogon bayani ba. Ina da sunan da na fi so, amma sai mun tankaɗe sauran tukuna.

Mu fara sallamar “kiredit”. Kalmar ta daɗe da shigowa Hausa, ta kuma riga ta yi gidaje. Wanda ya ce ba shi da kiredit, katin waya yake nufi. Yaron da ya ce ya samu kiredit biyar har da Turanci da lissafi, zancen sakamakon WAEC ko NECO yake yi. In ya shiga jami'a kuma sai ya tarar kowane kwas da nasa nauyin kiredit, wani biyu wani uku. Je ka gaya wa uba cewa ɗansa na karatun kula da kiredit, zai ɗauka shagon sayar da kati za a buɗe masa in ya gama.

To me ake koyarwa a ciki? Nan ne sunan zai fito. Ɗalibin wannan darasi ana zaunar da shi ne a kujerar mai bayarwa. Ana koya masa ya duba abu biyar kafin ya ce e: halin mai nema wajen biya, ƙarfinsa na biya daga abin da sana'arsa ke kawowa, jarin da shi kansa ya zuba, jinginar da zai ajiye, da yanayin kasuwar da yake ciki. Ana koya masa karanta littafin ciniki, ya gane bambancin ɗan kasuwar da ke da riba a takarda da wanda kuɗi ke shigo masa a hannu, domin da na hannu ake biya. Sai tsara ƙa'ida: wa za a ba, nawa ne iyakarsa, kwana nawa za a ɗaga masa. Dokar bankuna ta Najeriya ma ta hana bankin kasuwanci ya ba mutum ɗaya abin da ya haura kashi 20 cikin 100 na jarin masu hannun jari, sai da izinin Babban Banki.

Bayan an bayar sai sa ido. A ƙa'idojin da Babban Banki ya fitar a 2010, bashin da ya wuce kwana 90 ba a biya ba ya fara ciwo, banki zai ware kashi 10 cikin 100 na kuɗin a gefe. In ya kai kwana 180 ya shiga sahun wanda ake shakka, a ware rabi. In ya kai kwana 360 a lissafa shi a matsayin asara, a ware duka. Bin bashi, wato aike da waya da lauya da kotu, shi ne babin ƙarshe, kuma malami nagari zai gaya wa ɗalibansa cewa yawan aiki a wannan babi alama ce an yi sakaci a na farko.

Yanzu ga kalmomin da muke da su: aro, rance, bashi, lamuni.

Aro ya fita tun daga ƙofa. Abin da ka ara, shi ɗin za ka mayar, kamar tsani ko keke.

Rance ya fi kusa, domin a rance madadin abu ake mayarwa, kuɗi da kuɗi, hatsi da hatsi. Amma ya yi wa darasin kaɗan. Rabin wannan ilimi bai shafi miƙa tsabar kuɗi ba, ya shafi ba da kaya ne a biya daga baya. Ƙungiyar masu wannan sana'a ta Amurka, wadda aka kafa a 1896, 'yan kasuwa masu sari da masu masana'antu ne suka haɗa ta, mutanen da ke tura kaya garuruwa masu nisa suna jiran biya. Dilan atamfa a Kantin Kwari da ya ɗora wa abokin cinikinsa na Maraɗi bandir-bandir, ya ce in ka sayar ka aiko, babu wanda zai ce ya ba shi rance. Amma abin da ya yi shi ne ainihin abin da ake karantawa.

Wani malami ya ba da shawarar “kula da bashi”, Allah Ya ƙara masa sani. Ita ce ta fi saurin zuwa baki, kuma ita ce nake tsoro. Da farko dai an riga mu. Hukumar DMO da aka kafa a 2000, kafafen labarai na Hausa sun daɗe suna kiranta Ofishin Kula da Basussuka, kuma aikinta lissafin abin da ake bin gwamnati ne. Kujerar wanda ya ci bashi ke nan, mu kuwa ta mai bayarwa muke nema wa suna. Na biyu, bashi sunan abu ne bayan ya riga ya faru. Sai kaya sun fita daga shago ake cewa ina bin wane bashi. Duk tunanin da ake yi kafin nan, wanda shi ne zuciyar darasin, kalmar ba ta ɗauko shi ba. Mai sauraro zai ji kamar ana horar da masu zuwa ƙofar gida da asuba su yi sallama da mai taurin bashi.

Tarihin bankunanmu ma ya nuna inda ɓarna ke shiga. A watan Agustan 2009 Babban Banki ƙarƙashin Sanusi Lamido Sanusi ya sauke shugabannin bankuna biyar, ya zuba musu naira biliyan 420 don kada su durƙushe. A 2010 aka kafa hukumar AMCON ta saye basussukan da suka maƙale. Yawancinsu kuɗi ne da aka ba masu sayen hannun jari da masu shigo da mai da na kusa da shugabannin bankunan. Ranar da aka sa hannu aka yi asarar, shekarun da aka kwashe ana bi daga baya ƙoƙarin rage ta ne kawai.

Shi ya sa na tsaya a kan lamuni. Ku saurari yadda muke amfani da ita. In mutum ya ce na lamunce maka, ya yarda ne, ya ɗauki nauyin abin da zai biyo baya. In ya tsaya wa wani a gaban mai kaya, lamuni ya yi masa. Har 'yan siyasa da ke cewa ba za mu lamunta ba, yardar ce suke janyewa. Kalma ɗaya ta haɗa amincewa, da ɗaukar nauyi, da bayarwa a kan jinkiri, ko kuɗi ne ko kaya. Kuma ba baƙuwa ba ce a harkar kuɗi ta zamani, tunda kowa ya saba jin Asusun Ba da Lamuni na Duniya a labarai.

Tsohuwar sana'a ce a wurinmu. A Sabo ta Ibadan, fataken shanu daga Arewa sun daɗe suna sauka a hannun maigida, a sayar wa mahauta shanu a kan za su biya bayan sun yanka sun sayar. Bafatake bai san mahaucin ba, maigida da dillalansa ne suka san wanda ke cika alkawari da wanda ke da ja, suka san nawa ake bin kowa a kasuwa, kuma maigidan ke ɗaukar nauyi in an ƙi biya. Binciken hali, iyakar abin da za a ba mutum, mai tsayawa, duk suna ciki, ba tare da fom ko kwamfuta ba. Sabuwar manhajar da Hukumar Kula da Jami'o'i ta Ƙasa ta ƙaddamar a Disambar 2022, wadda ake kira CCMAS, ta tsara kashi 70 cikin 100 na kwasa-kwasai, ta bar wa kowace jami'a kashi 30 ta cika da abin da ya dace da muhallinta. Da ni ake shawara, da tsarin maigida da dillali da na adashi sun samu gurbi a cikin talatin ɗin nan, a karanta su da irin natsuwar da ake karanta dokokin Basel, wato ƙa'idojin banki na ƙasa da ƙasa.

Saura rabin sunan na biyu. “Sarrafa” ta tafi wajen masana'anta, shinkafa da tumatir ake sarrafawa. “Gudanar da lamuni” ba laifi, za ta zauna a kan takardar shaida, sai dai ba ta da ɗanɗano, taro ma gudanar da shi ake yi. Ni “tattali” nake so. Tattali shi ne ka riƙe abu da lura don kada ya lalace, ya kuma yi albarka, kuma kalmar ta riga ta saba da zama kusa da dukiya a cikin tattalin arziki. Sunan da nake ba da shawara ke nan: Tattalin Lamuni.

Wata Hajiya ta yi ƙorafi, na kuma ji shi, cewa tattali zai sa a zaci ana koya wa yara maƙo ne, su riƙe kuɗi su hana. Ina ganin Hausa ta raba su. Tsimi daban, rowa daban, tattali daban. Mai tattalin dabbobinsa ba ya hana su abinci. A darasin ma ana nuna cewa kamfanin da ya tsaurara ƙa'ida fiye da kima zai kori abokan cinikinsa zuwa shagon maƙwabci, asara ce ita ma, ko da ba ta fito a littafin basussuka ba.

Ɗan'uwa da ya tambaya ko wannan duk karatun kuɗin ruwa ne, tambayarka ma ta ƙara mini hujja. Bankin Jaiz da ya fara aiki a 2012, da TAJBank da ya biyo a 2019, ba sa ba da rance da ruwa. A murabaha banki ke sayen kaya ya sayar maka da ribar da aka sani, ka biya a hankali. Ciniki ne, don haka sunan da aka gina a kan rance zai bar su a waje. Amma su ma dole su binciki mai nema, su karɓi jingina, su sa ido. Aya mafi tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi da ajalinsa da kafa shaidu take. Wadda ke bin ta ta yi maganar jingina, ta 280 kuma ta yi umarnin a saurara wa wanda ke cikin ƙunci. Ɗalibin da ya taso da waɗannan ba zai ji darasin baƙo ba in an sa masa sunan da ya dace.

Wani zai ce ai da Turanci ake koyarwa, ina ruwan jami'a da sunan Hausa? Ruwanta shi ne wanda ta yaye ba da Turanci zai yi aiki ba in an tura shi Argungu ko Ɗanbatta. Shirin ba manoma lamuni na Anchor Borrowers da aka ƙaddamar a Kebbi a Nuwambar 2015, a bakin jama'a da yawa tallafi aka riƙa kiransa, kuma kowa ya san wahalar da aka sha wajen karɓo kuɗin. Ba kalma kaɗai ta jawo ba, akwai ambaliya da rashin tsaro da siyasa. Amma jami'in da ya tsaya gaban manoma ya ce gwamnati ta kawo muku tallafi, ya riga ya yafe rabin kuɗin da bakinsa.

In mun amince da babban sunan, ƙananan za su bi cikin sauƙi. Ma'aikacin shi ne jami'in lamuni. Adadin da ba za a wuce ba, iyakar lamuni. Jingina tana nan yadda take, ta gida ko ta kayan da ake iya ɗauka, tunda wata doka ta 2017 ta ba da damar a yi rajistar mota ko injin niƙa ko dabbobi a matsayin jingina. Garanto kuma mai tsayawa ne. Daga ranar da aka bayar sai kalma ta juya zuwa bashi, kuma daidai ne ta juya: maƙalallen bashi ga wanda ya wuce kwana 90, mataccen bashi ga wanda aka fid da rai. Kamfanonin nan uku masu lasisi da ke tara bayanan biyan mutane, CRC da FirstCentral da CreditRegistry, ina ganin “rumbun tarihin bashi” ya ishe su. Tsarin GSI da ya fara aiki a Agustan 2020, wanda ke ba banki damar bin lambar BVN ya ciro kuɗinsa daga asusun mutum a wani bankin, wannan a bar shi da haruffansa a yi bayani.

Inda na tsaya cak shi ne lambar da ake ba mutum don nuna yadda yake biya, irin ta FICO a Amurka da ke tashi daga 300 zuwa 850. An kawo “makin amana”, kuma yana da daɗin faɗa. Matsalarsa, wanda makinsa ya yi ƙasa an kira shi maci amana ke nan, alhali wataƙila gobara ce ta cinye masa shago, ko albashi ne ya yi wata uku bai zo ba. Kalmar da za ta sa jami'i ya zagi dattijo a gaban jama'a ba da niyya ba, ba ta yi ba. “Makin biya” ya fi sauƙi a kunne, sai dai yana iya rikicewa da kuɗin da ake biya. 'Yan'uwa na Damagaram da Maraɗi da ke aiki a asusun ajiya da lamuni na ƙauyuka, me kuke ce wa wannan lamba in kuna yi wa manomi bayani?