"Put up with": haƙuri ne ko zaman dole?

Ɗalibi: Salamu alaikum. Na tura wa abokina saƙo na ce "I am putting up with my uncle in Kano", nufina a gidan kawuna na sauka. Kawu ya ga saƙon, tun jiya ya ɗaure mini fuska. Ina laifina?

Malamar Turanci: Wa alaikumus salam. Ƙanena, abin da ka rubuta shi ne kana jure zama da kawunka, ba don ranka yana so ba. Kalmomin ukun nan idan suka haɗu, ma'anarsu ɗaya ce: daurewa da abin da ya dame ka, kamar hayaniyar janareton maƙwabci ko zafin watan Afrilu. Ba a raba su, abin da ake jurewa a ƙarshe yake zuwa. Da ka ce "My uncle put me up", da ka yaba masa, domin wannan na nufin ya ba ka masauki.

Direba: Malama, amma a nan kowa haka yake faɗa, kuma ana ganewa.

Malamar Turanci: Ana faɗa, ban musa ba. Sai dai a jarrabawar WAEC ma'anar jurewa ake nema, kuma kawun nasa ita ya sani.

Dattijo: To ai ban ga zagi a ciki ba. Jurewa haƙuri ne, kuma mahaƙurci mawadaci. Mai haƙuri shi ke dafa dutse har ya sha romonsa.

Malamar Turanci: Baba, a gafarce ni, nan muka ɗan saɓa. Haƙurin da kuka ambata ado ne, mai yin sa yana sa ran lada, kuma ba ya tallar sa. Wannan na Turancin kuwa da ƙorafi a cikinsa, shi ya sa aka fi jin sa a bakin wanda ya gaji, yana cewa ba zai ƙara ɗauka ba. Idan karin magana za a nema masa, ni "dole uwar na ƙi" zan ba shi.

Dattijo: Ko kuwa "tilas ba ta rasa ɗakin kwana". Na yarda, 'yata. Amma ko haƙurin kirkin ne, wanda ya ba ka ɗaki da tuwo ba a ce ana haƙuri da shi. Shi ke haƙuri da kai.

Ɗalibi: Wace jimla zan rubuta masa yanzu?

Dattijo: Ajiye wayar, yaro. Bayan sallar isha'i ka same shi a zaure, ka durƙusa, ka yi masa bayani da Hausa.